Ragar Malam da Ragar Tica

Kulob ɗinmu ya girme ni, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ne ya zo ya faɗa a gabana. Shekarun ƙuruciyata duka a gola na yi su, a filin nan da ke tsakanin Unguwar Kanawa da Kurmin Mashi. Haƙorana biyu na gaba suna can cikin ƙasar filin, wani ɗan gaba mai kai kamar turmi ya zubar min da su. Saboda haka idan ana maganar wanda ya kafa kulob ɗin, ba daga bakin bare na ji ba.

Mahaifina malamin allo ne, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa sa ƙafa ya taɓa ƙwallo ba. A ganinsa, ƙato ya tuɓe riga yana bin fata mai iska a guje, rashin aikin yi ne kawai. Amma shi ne rabin wanda ya kafa kulob ɗin. Ɗaya rabin kuwa wani malamin firamare ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, da ke zaune a Kurmin Mashi. Kowa Tica yake ce masa, har matarsa. Rabin mutanen unguwannin nan biyu sun ci bulalarsa a aji.

Faɗa ne ya haɗa su. Kullum da la'asar manyan ɗaliban Malam da 'yan makarantar boko sai sun dambace a kan wa zai yi wasa a filin. Ranar da aka fasa wa wani yaro kai, Tica ya tako har zaurenmu, ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarma. Aka ce sun daɗe suna magana. Da suka fito, hukunci ɗaya suka yanke: tun da kun ƙi raba fili, to ku zama ƙungiya ɗaya, ku je ku nemi wasu ku yi faɗan da su.

Ragar farko da itace aka yi ta, ba ta yi nisa ba ta ƙare a murhun wata. Sai Tica ya samo tsofaffin bututun ƙarfe a wurin wani abokinsa mai aikin famfo, mai walda ya gyara su yadda ake harhaɗawa a kuma kwance: ƙafa biyu da sandar sama, a kowane gefe. Amma shi ma ƙarfe idan ya kwana a fili ƙafa yake yi. Dole sai an kai gida. Aka ce ɗaya ta riƙa kwana a zauren Malam, ɗayar a gidan Tica. Tun daga nan suka samu suna, ragar Malam da ragar Tica, ko da yake zaren da ke jikinsu bai taɓa cika shekara ba.

Wannan ɗaukar ƙarfen ita ce duk dokarmu, ba a taɓa rubuta mana wata ba. Ba a busa usur sai raga biyu sun iso. Ranar Lahadi da safe babu wasa, domin Tica yana coci kuma makullin ɗakin ajiyarsa yana aljihunsa. Da an kira sallar magariba za ka ga gardawan Malam sun zare tasu sun saɓa a kafaɗa, ko da kuwa fenareti za a buga. Na taɓa tsayawa ina jiran bugu, na waiwaya na ga babu komai a bayana sai akuya. Idan kuma wani daga gidanmu ya zagi wani daga can, Tica zai rufe ɗakinsa ya yi shiru. Kwana kaɗan 'yan wasa da kansu za su ja mai laifin a kunne su kai shi ya ba da haƙuri, don kowa ya ƙosa ya buga ƙwallo.

Shekarar da gari ya rikice ba zan ba da labarinta a nan ba, duk ɗan Kaduna yana da nasa. Gidan Tica bai ƙone ba, na maƙwabcinsa ne ya ƙone. Bayan ƙura ta lafa ya yi abin da dubbai suka yi, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙetaren kogi. Ranar tafiyar ya tsayar da a-kori-kura a ƙofar zaurenmu, ƙarafan suna saman kaya, ya ce wa mahaifina ya zo ya bar masa su.

Malam bai ko tashi daga kan buzu ba. Ya ce, "Tica, ni ba na karɓar ajiya biyu. Ɗauki abarka ka tafi da ita. Ranar da ragarka ta kwana a zaurena, ranar an gama."

Tica ya tsaya yana kallonsa, sannan ya juya ya shiga mota da ƙarafansa.

Da farko 'ya'yansa maza suna ƙetaro da ita duk Asabar. Daga baya ya koma sai wata-wata, sannan sai da Sallah da Kirsimeti, sannan 'ya'yan suka samu aiki a garuruwa aka daina. Mu kuma ba mu yi wata ba. A gefen Tica duwatsu biyu muke ajiyewa. Baƙi su zo wasa su yi ta dariya, wai kulob mai ido ɗaya. Mu ce mun ji, ku shigo a buga. Malam ya rasu, zaure da ragarsa suka dawo hannuna, yara kuma suka taso suna ganin duwatsun nan, da yawansu ba su san dalili ba.

Sai ga Alhaji. Ɗan unguwa ne, tare muka tashi, kwangila ta karɓe shi ya koma unguwar masu hali. A zamaninmu ba a sa shi a wasa sai ranar da ƙwallon tasa ce. Ban faɗi wannan don ƙeta ba, to, ko da ƙetar ma gaskiya ce. Kuma ba zan ci amanarsa ba, ya yi aiki. Ya turo mota ta baje filin, ya sayo jesi da but, yaran da ke buga ƙwallo da silifas suka ga takalmi a ƙafarsu. Ni da bakina na yi masa addu'a a masallaci.

Addu'ar ba ta gama bushewa ba na ga an dasa sababbin raga biyu farare, an zuba musu siminti. Na haɗiye. Sannan aka kafa allo a bakin titi, da hotonsa ya sha hula, da sabon sunan kulob da Turanci, a ƙasa kuma an rubuta wai shi ne wanda ya kafa. Shekarar kafuwar da aka sa ita ce shekarar da aka yi fentin.

Na same shi a bakin filin yana nuna wa ma'aikata inda za a kafa rumfa ranar buɗewa.

Na ce, "Alhaji, wanda ya rubuta allon nan ya yi kuskure."

Ya ce, "Gola, kai har yanzu kana nan da rigimarka? Wane kuskure?"

"Kulob ɗin nan mutum biyu suka kafa shi. Ɗaya yana kabari, ɗaya yana ƙetaren gada da ransa. Ka sa sunanka a jesi, ka sa a ruwan sha, ba wanda zai hana ka. Amma ba kai ka haife mu ba."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Wancan ai wasan yara ne, wannan kuwa harka ce. Ina takardarku? Wa ya yi muku rajista? Gola, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

Na cire hannunsa daga kafaɗata na ce bana ɗin ce ban ji daɗinta ba, na tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har matata ta ce in dai a kan ƙwallo ne kada in sauke mata a kan tuwo.

A cikin kwanakin nan ɗan ƙanwata ya kira ni ta waya. Yaron yana buga wa wani ƙaramin kulob wasa a ƙasar Makidoniya, can Turai, kuma a filinmu ya koyi taka leda. Yana ba ni labarin sanyi da abincinsu marar yaji, sai ya ce, "Kawu, bari in ba ka dariya. Wanzamin da ke min aski yana da wani tsohon hoto a bango, samari masu gashin baki da dogayen wanduna. Ya ce wai kulob na farko ke nan a garin, 'yan makaranta suka kafa. Duk sanda mulki ya canza hannu sai a canza masa suna, har aka haɗe shi da wani ya ɓace. Na ce su wane ne a hoton, ya ce bai sani ba, a shagon ya gaje shi. Na ce ina filinsu, ya ce wasu sun ce tashar mota ce yanzu, wasu sun ce kasuwa."

Yana dariya, ni kuwa abin bai ba ni dariya ba. Su ko hoto suna da shi. Mu ba mu da komai sai ƙarfe shida, uku a zaurena, uku a inda ban ma tabbata suna nan ba. Washegari na hau keke na ƙetare gada.

Na samu Tica a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a tsakar gidansa, ya tsufa, idanunsa sun yi fari. Da na yi sallama ya karkato kunne ya ce, "Ɗan Malam? Mai hannun rariya?" Shekara da shekaru ba mu haɗu ba, da zagin da ya tare ni ke nan. Na durƙusa na gaishe shi. Ragar tana gefen tsakar gidan a kafe, an shanya zannuwa a kanta.

Na ba shi labari duka, har da na yaron. Ya ce, "Makidoniya? Ta cikin Littafi Mai Tsarki? Ashe su ma suna buga ƙwallo." Sannan ya ce, "Ɗan Malam, yara sun samu takalmi. Ka bar su su yi wasansu. Mu mun ci zamaninmu."

'Yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, wadda muka tashi tare tana ce min Yaya, tana tsaye a ƙofar kicin tana ji. Ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Lokacin da muka kwashe kaya, wa ya tare motar ya ce kada mu tafi? Yanzu da aka taɓa sunan babanka ka tuna hanyar gidanmu. Baba ba ya gani, hawan jini gare shi. Ba zan kai shi tsakiyar taro a wulaƙanta shi a kan shanyar kaya ba."

Maganar ta shige ni, ban kuma yi ƙoƙarin kare kaina ba. Na ce mata sunan babana ko an goge ko an bari, makarantarsa tana nan, ɗalibansa suna yi masa addu'a. Wanda ake shirin gogewa shi ne wannan tsohon. Yaran da ke filin yanzu ba su san an taɓa yin wani Tica a Kurmin Mashi ba. Nan gaba kaɗan za su rantse cewa su Tica ba su taɓa zama a can ba, kuma ba ƙarya za su yi ba, iyakar abin da suka gani ke nan.

Tica ya juya wajen 'yarsa ya ce, "Kwashe zannuwanki." Ta buɗe baki, ya ɗaga hannu. "Kuma ragata ba ta taɓa zuwa fili ba tare da wani daga gidan nan ba. Tun da maza ba sa nan, ni zan je."

Ranar buɗewa Asabar ce, bayan la'asar. An gayyato wani kulob daga Rigachikun. Rumfuna, kujerun roba, lasifika tana ta kiran Alhaji da uban ƙungiya. Don a samu wurin rumfar manyan baƙi, an ɗan gusa da filin gefe, saboda haka tsofaffin gurabenmu suka faɗo a daidai gefen sababbin raga, a layi ɗaya.

Na riga na bi tsofaffin 'yan wasanmu gida-gida. Da mahauci, da direban tifa, da wani liman mai ciwon gwiwa, duk muka saɓa ragar Malam a kafaɗa daga zaure, muka ratsa ta gaban rumfa ba mu kalli kowa ba. Muna isa a-kori-kura ta tsaya, Tica a gaba, 'yarsa ce ta riƙo shi ta sauko da shi, fuskarta a murtuke. Muka sa diga muka haƙa, muka kafa ta Malam a gurbinta, muka zo muka kafa ta Tica. Ƙafarta ɗaya tsatsa ta ci gindinta, ta ƙi tsayawa sosai. Tica ya ce a ba shi kujera. Ya zauna a gindin ƙarfen ya riƙe shi da hannu biyu.

'Yan banga suka zo da sanduna suna cewa a cire. Na ce wanda ya isa ya fara da ni, haƙoran da suka rage ma ba su da yawa. Hayaniya ta tashi har Alhaji ya baro rumfa, babbar riga tana jan ƙasa.

"Gola, wai me kake nema da ni? A gaban baƙina?"

Kafin in amsa, Tica ya karkato kai. "Wannan muryar na san ta. Ba kai ne mai zama a bayan aji kana cin gyaɗa ba?"

Alhaji ya dubi tsohon, ya dubi mutanen da suka kewaye mu, da masu ɗaukar hoto da waya. Babu yadda ya iya, ya tattare riga ya durƙusa. "Tica, ina wuni? Ashe kana nan."

"Ina nan. Na ji ka kafa kulob, na zo taya murna."

Alhaji ya miƙe yana share gumi, ya ce wa 'yan banga, "Ku bar su, ado ne. Ba za su hana komai ba." Ya koma rumfa, aka busa usur.

Ado ne. Kalmar ta yi ta damuna har aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Na tsaya kusa da Tica ina faɗa masa abin da ke faruwa, ina kallon ƙarafanmu masu tsatsa a gefen farar raga mai sabon zare, na fara tunanin ko dai na wahalar da tsoho a banza.

Da aka dawo, 'yan Rigachikun ne ke kai hari gefenmu. Wani dogon ɗan gabansu ya yanke masu tsaron baya biyu ya sheƙa ƙwallo da ƙarfi. Ta baro farar raga da nisa, ta bi ta tsakiyar ƙarafan Tica, ƙasa da sandar sama, ta wuce ta faɗa cikin ciyawa. Rafali ya nuna golanmu ya ɗauko ya buga.

Ban san lokacin da na daka tsalle ba. "Ta shiga! Wallahi ta shiga!"

Kocinmu ya juyo a fusace. "Baba Gola, lafiyarka? Mu fa aka buga wa!"

"Na sani! Ta shiga ragar Tica, ci ne!"

Mahauci ya ɗauki ihun, direba ya ɗauka, liman ya manta da gwiwarsa. Daga can wajen katanga tsofaffin matan unguwa, waɗanda suka san lokacin da ake ɗaukar ƙarfen nan, suka fara guɗa. Na ji wata murya a bayana ta fi ta kowa ƙarfi tana cewa ta shiga, na waiwaya na ga 'yar Tica ce, ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba. 'Yan Rigachikun suka tsaya sororo, ba su taɓa ganin mutanen da ke rigima a ci su ba.

Kyaftin ɗinmu, yaron da ya tashi yana jera duwatsu a wannan gurbin, ya je ya ɗauko ƙwallon daga ciyawa. Ya tsaya yana kallon tsohon da ke riƙe da ƙarfe, ya kalli inda duwatsun suke zama. Golanmu ya miƙa hannu a ba shi, yaron ya wuce shi, ya taka har tsakiyar fili ya ajiye ƙwallon, ya kira 'yan uwansa su jeru. Rafali ya dubi rumfa. Alhaji ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Rafali ya busa, ya nuna tsakiya.

Haka aka tashi, ɗaya da nema, a ranar bikin Alhaji, a gaban baƙinsa. Allon yana nan har yau a bakin titi da hoton da hular, ba a canza ko harafi ba, ni ma ban canza ra'ayina ba. Na sha ci a rayuwata, wasu har na kasa cin abinci, amma wannan cin da bakina na roƙe shi kuma ban taɓa jin daɗin wasa kamarsa ba.

Shi kuwa Tica, lokacin da ihun ya tashi, bai saki ƙarfen ba. Ya riƙa juya kai yana neman inda nake, har ya kamo gefen rigata.

"Ɗan Malam, me ya faru? Na ji iska ta wuce ta kaina."

Na sunkuya kusa da kunnensa. "An ci mu, Tica. A ragarka."

Hawaye suka gangaro daga fararen idanun nan. Sannan ya gyara riƙon ƙarfen ya ce, "To me golan yake yi a can gefe? Ku ce masa ya dawo nan ya tsaya."